Kayan kariya na masu aikin gindin jirgi a Accra: wanne za a saya, wanne za a bari a kanti

Filin jirgin saman Accra yana ciyar da gidaje da yawa a Nima da Mamobi da Accra New Town. Akwai 'yan lodi da ke durƙusawa a cikin jirgi suna jera akwatuna, akwai masu shara kafin fasinjoji su hau, da direbobin tarakta masu jan kaya, da yaran da ke aiki a sashen kago, wato na kayan dako. Tun da aka buɗe Tamina 3 a 2018 aikin ya ƙaru, 'yan'uwanmu na Kumasi ma sun samu nasu rabon a filin da yanzu ake kira Prempeh na Ɗaya. Wasu alhazanmu sun kafa ƙananan kamfanoni suna karɓar kwangilar shara ko dako, kuma su ne ke zuwa kasuwa sayen kayan kariya na yara ashirin ko talatin a lokaci guda. Da su nake magana, da kuma ma'aikacin da yake son ƙara wa kansa wani abu a kan wanda aka ba shi.

Alhaji, kafin mu shiga kanti, ka sani cewa wannan sayayya ba alfarma ba ce. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Act 651, a sashe na 118 ta ɗora wa mai aiki nauyin samar da kayan kariya ba tare da an cire wa ma'aikaci ko sisi ba. Kuma kowane kamfanin jirgi ko na hidimar ƙasa yana da nasa ƙa'idar launi da aji, sai ka tambaya a rubuce kafin ka kashe kuɗi.

Abin da na lura shi ne yawancin masu saye suna zuba kuɗin a kan takalmi domin shi ake gani, su tsinci riga mafi araha, kunne kuma su bar shi ga Allah. A ganina tsarin ya kamata ya juye. Yatsan da akwati ya danne yana warkewa. Jin da ƙarar inji ta cinye ba ya dawowa, kuma ba ya ciwo lokacin da yake tafiya, sai dai wata rana mutum ya ga yana cewa "me ka ce?" a cikin hira, ko kunnensa na ta ƙugi da dare bayan kowa ya yi barci.

Ga lissafin da masana lafiyar aiki ke amfani da shi. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Ƙarar da ta kai desibel 85, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin yana raguwa da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Kusa da jirgin da ƙaramin injinsa na wutsiya ke aiki, ko jirage masu farfela irin Dash 8 da ke zirga-zirga tsakanin Accra da Kumasi da Tamale, ƙarar tana haura 85 cikin sauƙi.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Na farko toshiyar kunne ta soso, wadda ake murzawa ta sirance a cusa. Tana da araha, ba ta sa gumi, kuma idan an saka ta daidai tana rage ƙara sosai. Matsalarta ita ce "idan an saka ta daidai". Sai an murza ta da hannu mai tsabta, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a cusa, a riƙe har ta kumbura. Ka duba ɗan lodi da hannunsa duk baƙin mai da ƙurar akwatuna, tarakta na jiransa: rabinta zai cusa ya wuce, rabin na leƙe a waje, kariyar ta tafi. Ga kuma ciwon kunne idan ana maimaita soso ɗaya kwana da kwanaki, ko ana cusa shi bayan alwala kunne bai bushe ba. In dai ita za ka saya, ka sayi mai igiya, domin wadda ba ta da igiya faɗuwa take yi a ƙasa ta zama shara a inda shara ke da haɗari.

Na biyu marufin kunne mai kama da hedifon. Ya fi tsada, kuma a zafin watan Maris gumi yana taruwa a ciki, babu mai musun haka. Amma sakawa ba ta buƙatar gwaninta, kuma shugaban aiki yana hango wanda bai saka ba daga nesa. Ka nemi alamar EN 352 a jikinsa da lambar SNR, wadda ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa. Kayan Amurka NRR suke rubutawa, kuma lambobin biyu ba a gwada su da juna kai tsaye. A jerin Peltor Optime na kamfanin 3M, misali, na ɗaya SNR 27 ne, na biyu 31, na uku 35. Mai tsayawa a gindin jirgi shi ya cancanci na sama. Mai sharar cikin jirgi wanda ke ratsa filin kawai bai buƙatarsa, kuma toshe kunne fiye da kima ma illa ne, domin dole mutum ya ji ƙararrawar motar da ke ja da baya da kiran abokin aikinsa. Wanda ke aiki dab da inji yana iya haɗa soso da marufi, amma kada ya ɗauka lambobin za su haɗu su ninka: ƙarin bai wuce kamar desibel 5 ba.

Abin da ya kamata ya yanke maka hukunci shi ne wanne yaran za su iya bari a kunne har a tashi. Wanda ya cire na rabin awa a cikin awa 8 na ƙara, komai tsadar marufinsa, kariyar da ya samu a ranar ba ta wuce desibel 12 ba. Don haka marufi mai matsakaicin ƙarfi da ba ya matse kai ya fi mai ƙarfi da ke rataye a wuya. Ka kuma tambayi mai kanti ko yana sayar da matashin da ake canzawa, domin robar tana taurarewa ta tsage da gumi, masu ƙera shi kuma suna ba da shawarar canji kamar duk wata shida. Marufin da ba a samun matashinsa a Accra, na 'yan watanni ka saya.

Sai takalmi. Alamar da za ka nema ita ce EN ISO 20345, a ɗinke a harshen takalmin, ba a kwali kawai ba. Ma'anarta bakin yana jure bugun jul 200, kwatankwacin kilo 20 ya faɗo daga tsawon mita ɗaya. Bayanta za ka ga S1 ko S1P ko S3. S1 na busasshen wuri ne kamar sito. S1P yana da farantin da ke hana ƙusa huda tafin. S3 yana da farantin, kuma fatarsa na jure ruwa. Wanda ya taɓa sauke kaya a ruwan watan Yuni na Accra ba zai yi gardama a kan S3 ba, ko da yake ya fi zafi a ƙafa.

Bakin ƙarfe ko bakin roba mai tauri? Duka biyun gwaji ɗaya suka ci. Na ƙarfe ya fi araha kuma ya fi yawa a kasuwa. Amma ma'aikacin filin jirgi yana bi ta na'urar bincike duk lokacin da zai shiga, kuma mai bakin ƙarfe kullum sai ta yi kuka, a tsayar da shi, wani lokaci ya tuɓe. Wanda ba shi da ƙarfe ko kaɗan ya fi sauƙin nauyi kuma ya huta da wannan. In kuɗin ya kai, shi nake zaɓa. Tafin kuma ya kasance mai jure mai, wanda ba ya santsi, babu ƙusa ko ƙarfe a waje da zai ba da tartsatsi kusa da motar shan mai. Ka guji mai zurfin tsaga irin na 'yan gini, domin tsakuwa yake kwasowa daga waje ya zubar a inda jirgi ke tsayawa.

Mutanenmu suna son mara igiya saboda sauƙin cirewa lokacin alwala, kuma ban ga laifinsu ba; igiyar da ta kwance ma tana iya shiga bel ɗin kaya. Sai dai mai igiya ya fi riƙe idon sawu ga mai hawa da sauka daga tarakta. Akwai mai igiya da zif a gefe, wanda ya haɗa amfanin biyu, in an dace da zif mai ƙwari.

Maganar gwanjon Kantamanto ita ce mai wuya, domin ana samun takalma masu suna a can da kuɗi kaɗan, kuma fatar tana da kyau ƙwarai. Haɗarin yana tafin. Yawancinsu da wata roba mai suna PU ake yi, wadda ke ruɓewa daga ciki idan ta daɗe a ajiye cikin laima. Za ka ga takalmi kamar sabo, a yi sati ana sawa, sai tafin ya fara marmashewa yana zuba. Ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka danna farce: in ya yi danƙo ko ya tsattsage, ajiye musu. Bakin da wani abu mai nauyi ya taɓa bugawa kuma ba ya nunawa a waje. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ma'aikaci zai iya yi wa kansa wannan kasada, amma mai kamfani da zai raba wa 'ya'yan mutane bai kamata ya bi ta nan ba.

Rigar ƙyalli ba ta buƙatar dogon bayani. Ba duk mai launin ɗorawa ce riga ba; irin wadda ake tallata wa masu babur a bakin titi wani abu ne dabam. Ka nemi EN ISO 20471 da lambar aji a jikin takardar wuya. Aji na 2 shi ne wanda aka fi buƙata a gindin jirgi, aji na 3 mai hannu ne kuma ya fi fitowa da dare da lokacin hazon hunturu. Faɗin zaren ƙyallin kada ya gaza santimita 5. Gwajin da ba ya ƙarya: ka rataye ta a duhu, ka ja baya, ka riƙe tocilan wayarka kusa da idonka. Ta gaske za ta haske fau, jabu kuma toka-toka za ta tsaya. Mai zif ta fi mai manne, domin mannen yana mutuwa da ƙura, rigar da ke buɗe kuma iskar inji na iya fizge ta ko ta maƙale a wani ƙarfe. Rana da wanki suna kashe launin, sai ka sa a lissafi cewa za ka riƙa sabuntawa.

Akwai dalilin da ya sa nake ta nanata abin da ke faɗuwa ƙasa. A ranar 25 ga Yuli 2000, jirgin Concorde ya taka wani siririn ƙarfe mai tsawon kusan santimita 43 da ya faɗo daga wani jirgi a titin tashi na Paris. Taya ta fashe, tankin mai ya huje, mutum 113 suka rasu. Inji yana zuƙe duk abin da ya samu, ko ledar fiyawota ce, ko hular da iska ta ɗauke, ko ƙwayoyin carbin da ya tsinke. Saboda haka wando da riga masu aljihun zif sun fi masu maɓalli, igiyar katin shaida kuma ta zama irin wadda ke ɓallewa da kanta in an ja ta. Safar hannu mai alamar EN 388 da matashin gwiwa ga masu jera kaya a cikin ƙananan jirage ba su da tsada, kuma gwiwar ɗan shekara arba'in za ta gode maka.

A wurin saye, mai kantin kayan kariya da zai ba ka rasiti da takardar shaidar gwajin kayan ya fi wanda zai rage maka sidi goma a kan kowane guda. Manyan sunaye ana yin jabunsu, musamman marufin kunne, kuma jabun yakan yi sauƙin nauyi, cikinsa soso ne ɗan siriri. Kada ka sayi katan a zuwan farko. Ka ɗauki biyu ko uku na kowane iri, ka ba wanda ya fi kowa daɗewa a rana da wanda ke aikin dare, su yi mako biyu da su. Takalmi kuma a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sawa a wurin aiki, domin bakin ƙarfe ba ya saki komai daɗewarsa a ƙafa.