Maɓallin kulle kati ya yi, layin bankin ne da saura

Shekara biyu manhajar bankina tana cikin wayata ban taɓa kula da maɓallin kulle kati ba, sai wata Talata da aka kira ni. Lambar da ta fito a wayar ta bankin ce sak. Mai maganar kuwa ga ladabi, Yallabai kaza Yallabai kaza, ya faɗi cikakken sunana, ya ce yanzu haka wani yana sayayya da katin kiredit ɗina a intanet. Sannan ya karanto mini lambobi shida na farkon katin, bai kuskure ko ɗaya ba.

Nan na kusa faɗawa. Ashe shidan nan ba wani sirri ba ne, alamar bankin da ya fitar da katin ce, duk mai irin katina da su nasa ya fara. Katin Visa ma kowanne da 4 yake farawa. Goman da suka rage cikin 16 ɗin yake farauta, da watan da katin zai daina aiki, da lambobi ukun baya, daga nan sai OTP, wato lambar tabbatar da sayayya mai amfani sau ɗaya, da za ta shigo ta tes. Gaggawarsa ce ta sa jikina ya ba ni. Na ce bari in ɗauko katin, ya ce kar in kashe waya. Na kashe.

Maɓallin dai ban ga laifinsa ba. Dannawa ɗaya katin ya rufe, saƙo ya shigo nan take. Na gwada sayen wani abu da kaina don in tabbatar, aka ƙi karɓa. Sai dai an cusa shi can shafi na uku, mutum hannunsa na rawa yana lalube. Abin da ake nema a firgice ai a bakin ƙofa ake ajiye shi.

Layin da ke bayan katin shi ya ba ni haushi. Na fi minti ashirin ina shan kiɗa, kiran ya yanke, na sake daga farko. Da na ba da lambobin kuma babu maɓallin, a wannan jiran an gama da ni. Amma ma'aikaciyar da ta ɗauka ta san aikinta. Ta duba, babu wata sayayya da aka yi. Ta ce akwai na'urar da 'yan damfara ke ɗora lambar da suka ga dama a kan kiransu, kuma su a banki ba sa tambayar lambar sirri ko OTP, ko da su suka kira. Ta ƙara da abin da manhajar ba ta faɗa mini ba: kullewa ba sokewa ba ce, in har na ba da lambobin, sai sabon kati.

Ban ba da komai ba, don haka da yamma na buɗe abina. Washegari mutumin ya sake kira, na bar wayar tana ta ruri a kan tebur.