Teburin tsofaffin littattafai kusa da Babbar Kasuwar Yamai: ya cancanci tsayawa

Mai son fahimtar fargabar da Turawa ke yi cewa wayewarsu ta kama hanyar rushewa, wannan teburin ya ishe shi farawa. Mai tebur ya san kayansa ciki da bai, ba ya tsawwala kuɗi, amma kusan komai da Faransanci yake.

Littafin Oswald Spengler, masanin falsafa ɗan Jamus, kan faɗuwar ƙasashen Yamma juzu'i biyu ne, na 1918 da na 1922, kada a saye ɗaya a zaci an gama. Na masanin falsafa Karl Popper na 1945, The Open Society and Its Enemies, ya fi buƙatar lura. Maganarsa cewa haƙuri marar iyaka da masu ƙin haƙuri yakan kashe haƙurin kansa tana cikin ƙarin bayanin babi na 7, can ƙarshen littafi, kuma kwafin da aka yi da fotokofi yakan zubar da waɗannan shafuka. A duba kafin a biya. A buɗe tsakiya ma, gara na ɓoyewa nan, iskar hunturu kuma na busar da gam.

Abin da teburin ya rasa, babu rubutun Musulman Faransa kan dokar 2004 da ta hana ɗalibai sa fitattun alamomin addini, har da lulluɓi, a makarantun gwamnati, alhali su ta fi shafa.