Sojojin wasa na roba ko na rezin: wanne za a saya wa yara kafin taron?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tambaya kan 'yan ƙananan sojojin wasan da ake jerawa a tebur ana gwabza yaƙi da su: na roba za ka saya wa yaranka ko na rezin? Tunda da yara za ka je taron wasan sojojin teburin, kuma babbansu bai wuce shekara 12 ba, na roba za ka saya, ƙaramin kwali. Na rezin ɗin nan (wani ruwan sinadari ne mai daskarewa) da ake bugawa da na'urar 3D ka ƙyale su tukuna.

Na roban da nake nufi irin na Warhammer ne, na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila. Wasansu mai suna Warhammer 40,000 tun 1987 ake yin sa, shi ya sa da wuya a kafa irin wannan tebur ka rasa wanda ya san dokokinsa. Suna da kwalin masu farawa, wanda sojojin cikinsa ba sa buƙatar gam: kowace gaɓa da ɗan tsininta da raminta, ka danna ta zauna. A ciki akwai ƙwayoyin jefawa irin na ludo da abin auna tazara, don da inci ake auna tafiyar kowane soja. A kwalin an rubuta daga shekara 12 zuwa sama, saboda haka yanko gaɓoɓin daga jikin firam ɗin robar da suke zuwa a manne da shi aikinka ne, da 'yar filaya mai kaifi. Haɗawa da fenti kuwa ka sakar musu.

Irinsa na saya wa ɗiyata. A kan tabarma muka baje shi a falo bayan Isha'i, ina yankowa tana dannawa, harshenta a waje don tsabar maida hankali. Kowane soja bai kai tsawon babban yatsana ba. Ta ce ita nata kore da fari za ta yi musu, ba shuɗin da ke jikin kwalin ba, na ce bismillah. Lokacin hunturu ne, fentin yana bushewa a bakin burushi tun kafin ya taɓa sojan, sai da muka jiƙa soso a murfin roba, muka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, muka riƙa ɗiga fentin a nan, sannan ya daina daskarewa. Fentin ya yi kauri, idon ɗaya ma ya toshe gaba ɗaya. Amma ranar da muka je taro, saurayin da ke kula da teburin koyo ya ga gwangwanin da muka zubo sojojinta a hannunta, ya kwashe nasa sojojin gefe ya ce ta jera nata. Yarinyar da ba ta iya gaida baƙo sai an tunkuɗa ta, sai ga ta tana gardamar inci da wani magidanci. Ana cikin haka ƙaninta ya kai hannu, guda ya faɗo daga tebur a kan tayil. Aka ɗauka, aka hure shi, aka mayar. Ko ƙwarzane bai yi ba.

Na rezin sun fi araha, kuma a hoto sun fi kyau, wannan ba zan musa ba. Na taɓa sayen saiti ɗaya, kafin mu iso daga Kubwa takubba da māsu sun kakkarye a cikin jaka. Ga shi gam ɗin roba ba ya kama su, sai sufa gulu, wanda ba na so a hannun yaro. Abin da ya fi damuna ma lafiya ce. Rezin da ba a wanke shi sosai aka gasa da hasken UV (hasken da ke daskarar da shi) ba yana danƙo, yana wari, yana sa ƙaiƙayin fata, kuma ƙurarsa idan an goga samfefa ba abin shaƙa ba ce. Yaro kuwa daga soja sai hannu a baki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a Instagram da WhatsApp. Da yawa hoton da suke sakawa zanen kwamfuta ne, ba abin da zai zo maka ba. Ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin kayan, da rula a gefe, domin tsawon sojojin wannan wasa daga wajen milimita 28 zuwa 32 yake farawa, wani kuma zai rage girman don ya ci ribar rezin. Akwai masu zuba jabu su ce maka na kamfani ne an cire kwali don sauƙin kuɗin jirgi. Na masu farawa na asali roba ne, manne a firam ɗinsa, a kwali rufaffe. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi duka kafin ka ga kaya, alhali yana cewa a Wuse yake, ka ce ku haɗu.

Game da ranar taron kanta, kada ka kai su teburin manya. Cikakken wasa a kan fili mai inci 44 da 60 yakan ci wajen awa uku, rabinsa duba littafin doka ne, yaro ba zai jure ba. Ka nemi teburin koyo, ko ƙaramin wasa irin Kill Team da ake yi a inci 22 da 30, kowa da sojoji kamar goma. Kuma ka sani tarukanmu na nan Abuja, irin AB Con da kamfanin wasanni na NIBCARD ke shiryawa, wasannin allo da na kati suka fi yawa, don haka ka tambayi masu shirya naku ko za a kafa teburin sojoji, wace rana, ƙarfe nawa. Tun daga gida ka ja musu kunne: ba a taɓa sojan wani sai an nemi izini. Mutum zai iya kwashe wata guda yana fentin guda ɗaya.

Wajen ɗauka, gwangwanin biskit ya isa. Mu mayen ƙarfe muka manna a ƙasan kowane soja, suka tsaya cak ko an girgiza. In akwai mai rarrafe a gidan ka bar wannan dabarar, haɗiye mayen ƙarfe babban haɗari ne, ka shimfiɗa soso kawai. Kada ka bar gwangwanin a mota cikin rana, zafi yana lanƙwasa bindigogin.

In ka samu mai sayarwa, turo hoton gaba da bayan kwalin nan kafin ka biya, in duba maka.