Auta, ga labarin gadon jaririn da kika ce in turo miki

Assalamu alaikum Auta, ya jiki ya nauyi? Allah ya raba lafiya. Na ga saƙonki tun shekaranjiya, wai gadon nan da kika hango a bayana ranar da muka yi bidiyo kol shi kike so in saka miki a kaya idan za a yi kago, wato aiko kaya ta jirgi. Toh bari in ba ki labarinsa tun daga tushe, in kin karanta sai ku yi shawara ke da maigidanki, dan ni dai a raina bana so ku zuba kuɗi a abin da ba shi ne zai fi muku amfani a Kano ba.

Kinsan a watan Janairu na haihu a nan Manchester, tsakiyar sanyi, ƙarfe 4 na yamma gari ya riga ya yi duhu. Aiki aka yi min aka ciro shi, kwana 2 aka sallame mu. Bizar Umma bata fito ba sai can bayan mun yi arba'in, Abbansa kuma hutun sati 2 kawai ake ba uba a nan, yana ƙarewa ya koma aikin dare. Ke kin ga yadda aka yi da Yaya Babba lokacin da ta zo goyon ciki gida, ko tsinke ba a bari ta ɗaga, ga ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa, Inna ta shimfiɗa katifarta a ɗakin, yaro na yin ɗan motsi ta ɗauke shi ta miƙo mata ya sha ta karɓe ta jijjiga shi ya koma barci. Nan babu mai miƙo miki. Ke ce mai jego ke ce mai raino, ga ɗinki a mara wanda ko tari kika yi sai kin riƙe wajen. Satin farko a wani kwando muke kwantar da shi a ƙasa gefen gado, Turawa suna ce masa kwandon Musa, wata maƙociyarmu 'yar Sudan ce ta ara mana, wallahi Auta duk tashin da zan yi in sunkuya in ɗauko shi sai na yi hawaye, kuma a dare ɗaya sai in tashi sau 5 sau 6.

Shi wannan gadon da kika gani abin da ya raba shi da sauran shine gefe ɗaya ana sauke shi, sai a manna shi da gadon uwa a ɗaure da bel, ƙafafunsa kuma ana ɗagawa ana saukewa har katifarsa ta zo daidai da taki. Yaro yana nasa wajen ke kina naki, amma hannu kawai zaki miƙa. Ranar farko da muka haɗa shi, wajen ƙarfe 3 na dare na ji yana mutsu-mutsu, ban tashi zaune ba ma, na ɗora tafin hannuna a ƙirjinsa ina jin numfashinsa yana hawa yana sauka, na yi masa addu'a, ya yi ajiyar zuciya ya koma. A daren ne na fara yin barcin kirki tun da muka dawo daga asibiti.

Maganar kuɗi kuma. Masu suna a nan sune Chicco Next2Me da SnuzPod da Tutti Bambini, ana samu a John Lewis, Argos, Mamas & Papas ko a yi oda a intanet, kuma lokacin da nake dubawa yawanci daga fam 150 ne zuwa 250, ki lissafa a canjin lokacin fam 200 wajen naira dubu 400 kenan. Kuma wata 6 kacal zai yi a ciki, da ya fara zama ko yana kama gefe yana neman miƙewa dole a cire shi, yawancinsu ma a jiki an rubuta kilo 9 ne iyaka. Babu ciniki, babu "nawa gaskiya", babu albarka, kuɗin da ke jiki shi ne, sai dai ki jira lokacin ragi. Abin da ya burge ni dai shine in kika yi oda yau sau da yawa gobe ko jibi yana bakin ƙofa, kuma doka ta ba ki kwana 14 in a intanet kika saya ki ce kin fasa ki mayar a dawo miki da kuɗinki, ba rantsuwa ba kiran shaida. Amma a kwali zai zo miki filla-filla da 'yar takarda mai zane, ku zaku haɗa da kanku, dan in kika ce zaki kira mai gyara kuɗin zuwansa kaɗai ya isa sayen katifa. A nan kaya ne da sauƙin samu, hannun mutum ne da tsada, mu kuma a gida kafinta zai zo har ɗaki ya auna ya sha ruwa ku yi ciniki, illarsa dai sai kin yi ta bin sa da "gobe in sha Allah".

Mu bamu sayi sabo ba. Akwai tallafin fam 500 da gwamnati ke ba masu haihuwar fari marasa ƙarfi, amma irin bizarmu an rubuta ɓaro-ɓaro ba mu da rabo a kuɗin tallafi, dan haka gwanjo muka nema. Gwanjon nan kuma da kyau, tunda wata 6 ake amfani da abin a ajiye, sai ki samu kamar sabo. Abbansa ya samu a wajen wata mata fam 45, ya hau bas biyu ya ɗauko a cikin ruwan sama. Abin da bamu sani ba shine babu bel ɗin ɗaurewa a ciki, ita bata faɗa ba mu kuma bamu san ana tambaya ba, sai muka tura shi kawai ya jingina da gadonmu. Kwana 3 a haka. A dare na huɗu na farka na shafa sai na ji hannuna ya faɗa rami tsakanin katifata da tasa, ashe duk juyin da nake yi gadon yana ɗan matsawa, ramin ya kai faɗin tafin hannu, yaron kuma ya karkato kusa da wajen. Jikina rawa ya dinga yi har asuba. Da safe muka yi odar bel, kuma namu gadon irin mai akwati ne a ƙasa wanda ba shi da ƙarfen da za a zagaya, sai da dogon bel mai ratsa ƙarƙashin katifa gaba ɗaya. Daga baya na gane sababbin da ake yi tun wajen 2020 ko an sauke gefen sai an bar ɗan shinge na santimita 12 saboda irin wannan, tsofaffin ne ke sauka duka. Katifar ma sabuwa muka saya, haka suke ba da shawara in gadon gwanjo ne.

A nan bayan ungozoma ta gama zuwa duba ki a gida, akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa tsakanin kwana 10 zuwa 14 da haihuwa, kyauta, ta auna yaro ta rubuta a jan littafinsa na lafiya. Tamu dattijuwa ce mai sanyin murya, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da na ce mata komai ba, ta nemi izini ta ga inda yake kwana. Ni kuma na ƙawata wajen, ga ɗan filon nan mai aikin sirfani da Inna ta aiko, ga lallausan bargo ninki biyu, ga 'yar tsana a kusurwa. Ta yaba filon sosai har ta tambayi wa ya ɗinka, sannan ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta ɗora a kan kujera, ta danna katifar da tafin hannu ta nuna min yadda take dawowa nan take bata lotsa ba, tace haka ake so. Tace a rigingine za a dinga kwantar da shi kullum, dare da rana, ƙafafunsa a can ƙarshen gado yadda ba zai zame ya shige ƙarƙashin mayafi ba, ba filo ba hula a cikin ɗaki, kuma ya kwana ɗaki ɗaya da mu har wata 6. Zafin ɗakin digiri 16 zuwa 20. Na ce mata a garinmu uwa da ɗanta shimfiɗa ɗaya suke kwana tun kaka da kakanni, bata musa min ba, tace a nan ma da yawa suna yi, abin da ba a so shine in uwa ta sha magani mai sa barci, ko akwai mai shan taba a gidan, ko yaron bakwaini ne ko bai kai kilo 2 da rabi ba, sannan kujerar falo kam kada in kuskura barci ya ɗauke ni da shi a kai. Ni lokacin ina kan maganin ciwo mai nauyi, dan haka maganar ta shige ni.

Da Umma ta gan shi a waya kwance a fili haka ba bargo ba hula sai 'yar jakar barci mai zif, hankalinta ya tashi, tace "yanzu jaririn ne zaku bari haka a garin ƙanƙara, ko tausayi babu?" Kuma tace a kifa shi ya fi daɗewa yana barci kuma ƙeya bata baje. Ban yi mata gardama ba, ta raini mu 7 da hannunta, ta fi ni sanin yaro nesa ba kusa ba. Amma wannan ta kifawar na tsaya a kai. Su ma Turawan da kifawa suke yi, har asibiti ke ce musu su yi, sai a 1991 aka yi gagarumin gangami a ƙasar nan bayan wata mai gabatar da shiri a talabijin, Anne Diamond, ta rasa jaririnta yana barci, aka koma rigingine, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu fiye da rabi a 'yan shekaru kaɗan. Rai na Allah ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Da Umma ta zo ta ga yadda hita ke ɗumama ɗakin ta taɓa bayan wuyansa ta ji ɗumi, da kanta ta daina saka masa hular.

Wani abu da ya ƙara nuna min ba tsadar ce maganar ba, a Sikotland tun 2017 duk jaririn da aka haifa gwamnati na ba shi kwali cike da kaya, da 'yar katifa a ƙasan kwalin, a ciki ake kwantar da shi. Daga Finland suka koyo, su tun 1938 suke yi. Kwali fa Auta.

Shi yasa nake cewa kar mu yi kagon nan. Nauyinsa da girman kwalin kaɗai za su sa kuɗin jirgi ya yi yawa, in wani abu ya karye babu inda zaki samu madadinsa, kuma tsayinsa an yi shi ne da gadajen nan, naku na kayan ɗaki da katifa mai inci 12 ko fiye zai iya fin ƙarfinsa. Ki samu kafinta mai hankali ki nuna masa hoton, ya zo ya auna daga ƙasa zuwa saman katifarku, tasa katifar ta zo daidai ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan, kada ta fi taki tsayi. Tsakanin sandunan kada ya wuce santimita 6 yadda kai ba zai shiga ba, ya goge katakon sumul ba ƙusa a waje, fenti kuma a yi da wuri a shanya shi ya sha iska sosai kafin haihuwa. Gefen da ke wajenki a bar ɗan shinge, a yi masa wajen ɗaurewa da jikin gadonku gam, wannan kam ki tsaya a kansa da kanki ki girgiza ki gani. Katifa a yanko mai tauri daidai ramin, in yatsu 2 suka shige tsakaninta da katako ta yi ƙanƙanta, a canza.

Sannan ke matsalarki ba tawa ba ce. Ni sanyi da kaɗaici ne suka kai ni ga gadon nan, ke kuma a watan Afrilu zaki haihu, zafi digiri 40 ga wuta ba tabbas, ga sauro da zarar damina ta sauka. Gidan sauro mai magani da ake bayarwa wajen awo ya fi miki duk wani Chicco, ki samu babba wanda zai rufe gadonku da nasa gaba ɗaya a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ya ɗame, kada ya zama yana saukowa kusa da fuskarsa. Kayan sanyin nan da ake jibga wa jariri, hula da safa da shawul da bargo a tsakiyar bazara, dan Allah ki rage, 'yar singileti ta ishe shi, ki dinga taɓa ƙirjinsa ko bayan wuya ba tafin hannu ba dan hannun jariri kullum da ɗan sanyi. Turaren wuta da garwashi kuma a yi a fitar kafin a shigo da shi ɗakin, na san za a ce miki iyayi ne, ki ce ni na faɗa.

Abin da zan saka miki a jakar Umma in zata dawo shine dogon bel ɗin ɗaurewa guda 2, da zanin katifa mai roba a baki irin wanda baya tattarewa, da shimfiɗar da fitsari baya ratsawa, waɗannan basu da nauyi kuma na nan sun fi ƙarko. Ki sa a auna min tsayin gadonku da faɗin katifar yau ko gobe ki turo, zan zana miki awon a takarda in ɗauki hoto ki ba kafintan. Ki gaida Inna da su Yaya Babba, ki ce wa Inna filonta yana nan na adana sai ya girma.