Kwashe /home zuwa sabon faifai: fstab ko usermod?

Malam, ka ce faifan kwamfutar aikinku mai Ubuntu ya cika, kana tambaya ko ka ɗora sabon faifai a kan /home (inda ake ajiye foldojin masu amfani da kwamfutar) gaba ɗaya, ko kuwa ka kwashe foldar kowane mai amfani da umarnin usermod. Duka biyun suna aiki, amma ni na fi amincewa da hanyar farko.

A hanyar farko, za ka tsara sabon faifan da tsarin ajiye fayiloli na ext4, ka ɗora shi na ɗan lokaci a /mnt/sabo, sannan bayan kowa ya fita daga asusunsa ka kwafe komai da umarnin rsync -aHAX /home/ /mnt/sabo/, domin waɗannan haruffa su ne ke kiyaye mallakar fayiloli da izininsu. Ka lura da layin karkace da ke ƙarshen /home/, domin idan babu shi, rsync zai ƙirƙiri wata folda mai suna home a cikin sabon faifan. Daga nan sai ka nemo UUID na faifan, wato lambar shaidarsa, da umarnin blkid, ka rubuta shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa kwamfutar inda za ta ɗora kowane faifai idan ta tashi, ka gwada da mount -a kafin ka sake kunna kwamfutar, saboda kuskure ɗaya a wannan fayil na iya hana ta tashi yadda ta saba. Amfanin wannan wahala shi ne adireshin kowa bai canja ba, don haka duk manhajar da ta ajiye cikakken adireshin fayil a saitunanta za ta same shi inda ta bar shi.

Hanyar usermod -d tare da -m ta fi gajarta, kuma ta dace idan mutum ɗaya ne ya cinye wurin. Tana gyara /etc/passwd, fayil ɗin da ke riƙe bayanan asusai, da kanta, amma tana ƙin aiki muddin mai asusun yana da wani abu da ke gudana. Babbar matsalarta a Ubuntu ita ce manhajojin da aka girka ta tsarin snap, irin su Firefox, waɗanda ba sa aiki da foldar da ke wajen /home sai an yi musu ƙarin saiti.

Idan ka bi ta farko, kafin ka gwada da mount -a ka canja wa tsohuwar foldar suna zuwa /home.tsoho, ka ƙirƙiri sabuwar /home babu komai a ciki, domin fayilolin da aka ɗora faifai a kansu suna ɓuya ne kawai, suna ci gaba da cin wuri. Kada ka goge tsohuwar sai kowa ya shiga asusunsa ya tabbatar da cewa fayilolinsa sun cika.