Bugzilla: tsohuwar ma'ajiyar rahoton matsalolin manhaja, wa ta dace da shi a yau?

Manhajar da ake ginawa a buɗe, wadda kowa ke iya duba lambobinta ya kawo gyara, ba ta rasa masu kawo ƙorafi. Abin da take yawan rasawa shi ne wurin da za a ajiye ƙorafin yadda ba zai ɓata ba, a san wanda ya ɗauke shi, a kuma san ranar da aka gama da shi. Bugzilla tana cikin tsofaffin kayan aikin da aka yi domin haka. Terry Weissman ne ya rubuta wa Mozilla ita, wato ƙungiyar da ke yin manhajar shiga intanet ta Firefox a yau, aka sake ta ga jama'a a 1998. Da harshen rubuta manhaja na Tcl aka fara, daga baya aka mayar da ita Perl, kuma a kansa take har yau. Kyauta ce, ƙarƙashin lasisin Mozilla Public License. Firefox, KDE, GCC, LibreOffice, Gentoo, FreeBSD da WebKit duk ta cikinta suke karɓar rahoto.

Ra'ayinmu a kanta shi ne: wajen tantance rahotanni masu yawa, har yanzu da wuya a sami wadda ta fi ta tsari. Sai dai tana wahalar da baƙo, tana kuma buƙatar mai kula da ita.

Ƙarfinta yana farawa ne daga gurabe biyu da take tilasta wa mai rahoto ya cika: Product da Component, wato wace manhaja ce, kuma wane sashe nata. Kowane sashe yana da wanda aka ɗora wa alhakinsa tun farko, da jerin mutanen da za a sanar, don haka rahoto na shiga sai imel ya tafi wurin waɗanda suka san wannan ɓangaren. A aikin da ke da sassa ɗari ko fiye, wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da ita. Amma a nan ne sabon shiga ke fara tuntuɓe. Wanda ya ga shafin intanet ya fito a karkace cikin Firefox zai zaɓi Firefox, alhali matsalar zana shafi tana ƙarƙashin wani Product ne daban mai suna Core. Rahoton ba ya ɓata, sai dai ya zauna jiran wani ɗan sa-kai ya mayar da shi mazauninsa. Duk aikin da zai kafa Bugzilla ya kamata ya buɗe sashe guda na "ban san inda ya dace ba", ya kuma sa mutum takamaimai da ke share shi duk mako.

Abu na biyu, wanda muka fi yaba mata a kai, shi ne yadda ta raba tambayoyin da mutane ke cakuɗawa. Matakin da rahoto yake daban ne da yadda ya ƙare. Yana shigowa a matsayin UNCONFIRMED, idan wani ya gwada ya ga matsalar da idonsa ya koma CONFIRMED, idan an fara aiki IN_PROGRESS, sannan RESOLVED, sai VERIFIED bayan mai gwaji ya tabbatar gyaran ya yi. Ba kuma a rufe rahoto sai an faɗi dalili: FIXED idan an gyara, DUPLICATE idan an riga an kawo shi, WORKSFORME idan an bi matakan ba a ga komai ba, INVALID idan ba matsalar manhajar ba ce, WONTFIX idan matsalar gaskiya ce amma an yanke ba za a taɓa ta ba. Bayan shekara biyar, wanda ya sake cin karo da abin zai gane nan take ko an gyara ne ya dawo, ko dama an ƙi gyarawa.

Haka ta raba tsanani da fifiko. Tsanani yana auna ɓarnar, daga blocker da critical zuwa minor da trivial. Fifiko kuwa yana nuna abin da masu aikin za su fara taɓawa. Kuskuren harafi a sunan manhaja a allon farko ba shi da tsanani, amma dole a gyara shi kafin a saki sabon siga. Manhaja ta mutu idan an haɗa ta da wata tsohuwar firinta da kusan ba mai amfani da ita, wannan tsananinsa babba ne, fifikonsa kaɗan. Abin da ke lalata tsarin shi ne a bar masu rahoto su zaɓi fifiko da kansu, domin kowa tasa matsalar ce ta fi. Bugzilla tana da saitin da ke hana hakan, kuma muna ba da shawarar a yi amfani da shi tun ranar farko. Ikon tabbatar da rahoto da ikon sauya gurabensa ma a rukuni suke, canconfirm da editbugs, ana ba wa wanda ya nuna ya iya.

Maimaici shi ne babban abin da ke cinye lokacin masu tantancewa. Tana rage shi ta hanya biyu. Yayin da mutum ke rubuta taken rahotonsa, tana nuna masa waɗanda suka yi kama da shi. Idan kuma an rufe rahoto a matsayin DUPLICATE, dole a rubuta lambar na asali, sai ta saka mai rahoton cikin waɗanda za a riƙa sanarwa a can. Akwai kuma guraben Depends on da Blocks, masu nuna cewa wannan gyaran ba zai yiwu ba sai an gama wancan. Da su ake buɗe rahoto guda na bibiya, a rataya masa duk abin da ke tare fitowar siga na gaba, a ga bishiyar gaba ɗaya a shafi ɗaya.

Duk wannan tsari ba ya maye gurbin rahoto mai kyau, kuma fom ɗinta na asali ba ya koya wa mutum yadda zai rubuta, fili kawai yake ba shi. Rahoton da ake iya aiki da shi yana ɗauke da matsala ɗaya tak. Takensa ya faɗi abin da ya faru da lokacin da yake faruwa: "yana rufewa da kansa idan an ajiye fayil mai hoto a matsayin PDF" ya fi "ba ya aiki" nesa ba kusa ba. Sai lambar siga cikakkiya da tsarin kwamfutar. Sai matakai masu lamba, daga buɗe manhajar har zuwa inda abin ya auku, da abin da aka gani, da abin da aka sa ran gani. A faɗi ko kullum yake faruwa ko jefi-jefi. Kafin a aika, a gwada a siga mafi sabo, a kuma gwada bayan an kashe duk ƙarin da aka ɗora wa manhajar, domin rahotanni da yawa da ke ƙarewa a WORKSFORME daga saitin mai su suke.

Idan abin yana aiki a da sai ya daina, babu taimakon da ya kai a nemo ainihin canjin da ya jawo. Umarnin git bisect, na manhajar Git mai ajiye tarihin canje-canjen lambobi, yana yin haka ta raba tarihin gida biyu: a nuna masa siga mai kyau da mai matsala, ya ba da na tsakiya a gwada, a gaya masa good ko bad, ya sake rabawa. Canji dubu ɗaya gwaji kamar goma yake ci. Mozilla tana da mozregression, LibreOffice tana da bibisect, duka biyun suna ba da manhajar a haɗe, ba sai mutum ya gina ta da kansa ba. Rahoton da ya zo da lambar canjin da ya ɓata abu yakan sami amsa da wuri, don an riga an san wanda za a tambaya.

A yi hattara da abin da ake maƙalawa. A Bugzilla ta asali ba a gyara sharhi bayan an aika, ba a kuma goge shi. Iyaka mai iko ya ɓoye shi. Wannan yana da kyau ga tarihin aiki, amma wanda ya manna bayanan kwamfutarsa da kalmar sirri a ciki ya shiga uku. A tace fayil kafin a ɗora. Idan matsalar ta tsaro ce, a sa ta cikin rukunin da aka killace, inda 'yan rukunin, da mai rahoto, da waɗanda aka saka cikin rahoton kaɗai ke gani har a fitar da faci, wato gyaran. Wannan killacewar tana cikin abubuwan da Bugzilla ta daɗe da ƙwarewa a kai.

Kafa ta kuwa aikin mai kula da saba ne, wato kwamfutar da za ta zauna a kai. Ana buƙatar Perl, da sabar yanar gizo irin Apache, da rumbun bayanai, MySQL ko PostgreSQL. Ana gudanar da checksetup.pl sau biyu. Na farko yana duba kayan Perl da suka rage, ya samar da fayil ɗin localconfig. A ciki ake rubuta sunan rumbun, da mai shiga, da kalmar sirri, da webservergroup, wato rukunin da sabar yanar gizon ke aiki a ƙarƙashinsa. Na biyu ne ke gina teburori ya nemi bayanan shugaban ma'ajiyar. Wuraren da ake yawan faɗuwa sanannu ne. Idan webservergroup bai dace ba, www-data ne a Debian da Ubuntu, apache a Fedora, shafi zai ƙi buɗewa saboda izinin fayiloli. Idan ba a cika urlbase ba, wato adireshin ma'ajiyar a intanet, mahaɗan da ke cikin imel ba za su kai ko'ina ba. Girman abin maƙalawa na asali 1000 KB ne, kuma ɗaga shi ba ya wadatarwa sai an ɗaga max_allowed_packet a MySQL. Akwai wata da ke ɓoyewa: binciken cikakken rubutu na MySQL yakan tsallake gajerun kalmomi, sai a nemi USB ko PDF a ce babu. Maganinta a mayar da ft_min_word_len zuwa 2, a sake gina fihirisar. Idan kuma adana sharhi yana ɗaukar lokaci, yawanci imel ne take aikawa ɗaya bayan ɗaya kafin ta saki shafin. A kunna use_mailer_queue, a tayar da jobqueue.pl. Sai a sa whine.pl ya riƙa gudana duk minti 15 domin tunatarwa, collectstats.pl kuma sau ɗaya a rana domin jadawalin ƙididdiga.

Rauninta ba ɓoyayye ba ne. Mai rahoto sai ya buɗe asusu na musamman, kuma adireshin imel ɗinsa ne sunansa, sauran masu asusu suna ganinsa. Fuskarta ta tsufa, a waya kuma wahala ce. Ba ta da alaƙa ta kai tsaye da ma'ajiyar lambobi: a GitHub, shafin ajiye lambobin manhaja, rubuta "Fixes #123" a bayanin gyara yana rufe rahoton da zarar an haɗe shi, a nan sai an ƙera mahaɗin da hannu. Ci gabanta ma a hankali yake. Siga na 5.0, wanda ya kawo REST API, wato hanyar da wasu manhajoji ke bi su yi magana da ita, ya fito a 2015, aka daɗe ba a ga wani babban sauyi ba. Wanda ya saba da ta Mozilla kada ya ɗauka ita zai samu idan ya sauke, domin waccan an yi mata gyare-gyare masu yawa na gida. Waɗannan dalilai suna cikin abin da ya sa Wikimedia ta koma Phabricator a 2014, GNOME ta koma GitLab a 2018, LLVM kuma GitHub a 2021.

Aiki mai masu gyara uku ko biyar da ma'ajiyar lambobi guda bai kamata ya ɗora wa kansa wannan nauyin ba. Abin da ke cikin GitHub ko GitLab, da fom na rahoto da 'yan lakabobi, ya wadatar, kuma baƙi za su fi kawo rahoto. Aiki mai sassa da yawa, da masu gwaji daban da masu gyara, da rahotannin tsaro da dole a killace, da kuma wanda zai ɗauki alhakin sabar, shi ne zai ci moriyarta. Wanda yake kanta kuma yana tunanin ƙaura ya tuna cewa lambobin rahotanni sun bazu cikin bayanan gyare-gyare da cikin lambobin manhajar kanta na tsawon shekaru. A bar tsohuwar ma'ajiyar a buɗe don karatu kawai, kamar yadda LLVM ta yi, a kuma rubuta tsohuwar lamba a jikin kowane rahoton da aka kwashe.