Tanki, basan ko tano: wanne ya dace da gida a Damagaram?

Garin nan a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka maida shi Yamai a 1926. Har yau ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Arunguza da Ganaram, shi ya sa ma'ajiyar ruwa ta zama dole.

Fara da lissafi. Mutum goma, kowa lita 20 a rana, tano guda ke nan mai lita 200. Tankin lita 1000 zai kai su kwana biyar in ba a yi babban wanki ba.

Tankin roba shi na fi ba mutane shawara, don wankinsa ba wuya. Amma a duba kaurinsa: sa kai ta bakin, in hasken rana yana ratsowa, gansakuka za ta fito ciki komai tsabtarka. Baƙin tanki yana tare haske, sai dai da bazara ruwansa kan yi zafin da ko alwala ba ta yiwuwa, don haka a haɗa da kuɗin rumfa. Bakin ya zama mai faɗi, murfin mai murɗawa, mafitar ruwan kuma ta kasance can ƙasa yadda laka za ta fita. A tuna lita 1000 nauyinta tan guda ne cur, wato kilo 1000. Rufin ƙasa irin na gidajen tsohuwar unguwar Birni ba wurin ɗora ta ba ne. A yi mata dakalin siminti mai santsi, don tsakuwa ɗaya tana iya huda gindin tanki. Kuma inda ruwa ke zuwa ba ƙarfi, da kyar yake hawa sama sai da inji.

Basan na siminti, wato ma'ajiyar ruwa da ake ginawa cikin ƙasa, ya fi cin ruwa da yawa, ruwansa da sanyi, kuma yana daɗewa. Matsalarsa haƙa, don a wasu unguwanni magini bai yi nisa ba zai ci karo da dutse. In ya tsage, ruwan datti na iya kutsowa, musamman idan kusa da masai aka gina shi. Wankinsa sai an kwashe ruwa an shiga ciki, kuma kada mutum ya shiga mai zurfi shi kaɗai.

Tano da farin tankin nan mai kejin ƙarfe da ake samu na hannu, arha gare su, amma ban yarda da su don ruwan sha ba sai an san abin da aka taɓa zubawa ciki. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko man inji, sabulu ba ya gyara shi. Na ƙarfe kuma tsatsa.

Kowanne ka saya, wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya bayan ƙurar hunturu. A goge da buroshi, a bi da ruwan jabel (bilic mai kashe ƙwayoyin cuta) marar turare, a ɗauraye sosai. Bututun iska a ɗaure masa raga saboda sauro.